Littafin Kawu Ɗantala

A Dilimi, bayan masu tsoffin tayoyi,
akwai rumfar da kwanonta ke yoyo ta gabas.
Nan Kawu Ɗantala ke yanka gwangwanin madara
da almakashin da ya girme ni,
ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma.
Kafin la'asar ga jirgin yaƙi a tafin hannunsa,
hanci a buɗe kamar bakin tulu,
fukafukai sun ja baya irin na shaho in zai kama.

"Wannan Mig ne. Wancan Dalfin, mai kujera biyu,
na koyon tuƙi ne, yaƙi ya mai da shi babba."
Ashirin da uku ke rataye da zaren roba.
In iskar Jos ta shigo sai su juya tare,
duk su fuskanci duwatsun Shere
kamar an ba su umarni su koma.

Ni ciwon ya kama ni tun ina aji uku.
Na yanke hotuna a tsoffin mujallun Taminus,
na haddace tsawon fiffike da cin mai,
kuɗin tarata ya ƙare a gam da fenti.
Ranar bikin 'yanci na bi motar asuba zuwa Abuja
saboda jirage uku da suka gifta cikin ƙiftawar ido
suka bar hayaƙi kore da fari.
Na dawo wuya a sage, murya a dashe,
ina ba shi labari jikina na tsuma.

Ya juyo min kunnen da ya rage,
ɗayan inji ya cinye shi tun a Makurɗi.
"Wa ya ɗaure musu ƙusoshi?"
Na ce ban sani ba.
"To rabin kallo ka yi.
Jawo akwatin nan na hannunka na dama."

Littafi ne mai shuɗin bango, baƙin mai ya ratsa shi,
har yau yana warin kananzir.
Ba labari a ciki. Layuka ne da biro:
lambar jirgi, sunan matuƙi,
ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka,
shafi bayan shafi, kamar lissafin mai awo.
Sai wata Talata. Laftanar Chollom, shida da kwata.
Gurbin sauka fari fat.
Shekara hamsin da ɗori bai cike ba, bai soke ba,
wai jirgin da bai taɓa ƙasa ba, ba a ce ya gama.

"Ɗan Du ne, mayen gwaten acca.
Sau biyu yake dukan kafaɗata kafin ya hau.
Ran nan sau ɗaya ya daka.
Na bi ƙusoshin nan a raina ya fi sau dubu.
Na ɗaure su, Sabitu. Wallahi na ɗaure."
Yoyon kwano na ɗiga a roba, ɗis, ɗis.
Ban sami abin faɗa ba, shi ma.

Na ce, Kawu, me suke ɗauka a ƙarƙashi?
Ya shafa cikin na gwangwani, sumul, ko ƙugiya babu.
"Shi ne ba na ƙerawa.
Da hannuna na ɗora, na ga jirgi ya dawo wayam.
Inda ya sauke akwai mutane,
da awaki, da tukunya a kan wuta kuma."

Sai bara na gano abin da bai taɓa faɗa ba:
ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba, ko sau ɗaya.
Na tara kuɗin tikiti biyu, Haipang zuwa Legas.
Ya ƙi.
"Wa zai tsaya ya rubuta saukarmu?"
Sai muka tsaya a bakin waya, shi da hular sanyinsa,
muka ga na fasinja ya ɗaga.
Ya karkata kai, ya yamutsa fuska,
ya ce injin hagu na son a duba shi.
Ya laluba aljihu, ya ciro biro,
ya tambaye ni ƙarfe nawa,
idonsa na sama.