Bangon da Aka Ɗaure wa Baki

Ranar da dillali ya miƙo mini makulli a Askrigg
rana ta fito, abin da ba ta saba ba.
Ban san jiya-jiya aka shafa wa gidan fenti ba,
yadda ake wanke akuya daren kasuwa.

Oktoba na kamawa bango ya fara magana.
Da fari wari, irin na buhun da ya kwana a rijiya.
Sai tabo a bayan kabad,
taswirar wata ƙasa mai cin iyaka kowane dare.
Takalmina na Idi ya tsiro koren gemu.
Littattafai suka kumbura kamar sun ƙoshi da wake.
Nusaiba ta fara tari da asuba.

Na sayo fenti mai suna kamar maganin asibiti,
na shafa sau uku. Ya yi ƙuraje, ya ɓare.
Na sayo injin zuƙe danshi,
yana gurnani dare da rana,
kowace safiya in zubar masa da bokiti
kamar mai jinyar tsoho.
Mita tana gudu, albashi na binta da ɗingishi.

Sai ga Clifford Raine, maƙwabcina,
shekara saba'in da takwas, kunne ɗaya ya yi ritaya.
Ya shigo ko hula bai cire ba,
ya ɗora tafi a kan bangon
yadda ake taɓa goshin yaro.
Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunnen da ke aiki.
Ya ce, "Wani ya ɗaure masa baki da siminti.
Shekara ɗari biyu dutsen nan yana shan ruwa yana fitarwa.
Ba ruwan ne ciwon ba. Ƙofar fita aka toshe."

Na yi tsit, don na taɓa jin wannan magana
a wani bakin, a Kusfa, cikin Zariya:
babana, Barau magini,
ya nutse har gwiwa cikin ƙasa da ramno,
yana ce wa mai kuɗin da ke son siminti kan ginin ƙasa,
"Rigar leda za ka sa masa, Alhaji. Zufa za ta ci shi."
Kwaɓar ƙasa na guje wa,
na riƙe biro, na haye teku,
ashe kwaɓin ya riga ni sauka.

Muka sa guduma. Kwana tara.
Siminti na zubowa faifai-faifai,
dutse ya leƙo baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.
Muka kwashe ƙasar da ta hau bango ta baya.
Cikin indararo: ruɓaɓɓen ganye, sheƙar tsuntsu,
da ƙwallon wani yaro
da wataƙila ya yi jikoki yanzu.

Farar ƙasa, yashi, gashin doki.
Clifford ya ce ba ta son gaggawa,
a yaɓa, a jira, a yayyafa mata ruwa, a sake jira.
Ta ci mini fatar yatsu ta hujin safa.
Rana ta uku na ajiye cokalin gini,
hannu ya tuna abin da kai ya zubar.
Tsohon ya dube ni ta saman tabarau:
"Wa ya koya maka?"
Ban sami Turancin amsar ba.

Yanzu Maris. Ruwa bai fasa ba, ba ya fasawa a nan.
Gindin ƙofa akwai sauran laima, faɗin faranti,
mun yi sulhu da ita.
Taga a buɗe take faɗin yatsa ko ana ƙanƙara,
uwar Nusaiba na mita cikin bargo biyu,
amma tarin ya yi ƙaura.
Clifford ya ƙi kuɗi, sai dai kilishi,
yana ci yana hawaye yana miƙo hannu.

A bayan kabad, inda taswirar take a da,
kafin yaɓen ya bushe
na danna yatsu biyar,
yadda Barau yake yi a kowane ginin da ya gama,
can ƙasa, inda mai gida ba zai gani ba.