Digiri Arba'in da Biyu

Odile, shekara talatin kina ɗumama madara
a tukunyar tagulla, can kan tsaunukan Jura,
ba ki taɓa neman ma'auni ba.
Gwiwar hannu kike tsomawa,
ki ce, "Ya isa, Gaspard, janye itacen."

Yau ke ce tukunyar.

Tun asuba suka tura gadonki, a asibitin Lyon.
Likita Vuillemin ta zana mini a bayan ambulan:
'yar wutsiyar hanji ce ta fashe a ɓoye,
ta yi ta tsiyayar yauƙi cikin cikinki,
mu kuwa muna tsokanarki da ƙiba,
kina dariya, kina ƙara wa ɗamara huji.
"Cikin mutum miliyan, biyu ko uku," in ji ta.
Ke da ko a ƙuri'ar bikin ƙauye
ba ki taɓa cin kaza ba.

Za su kankare tantanin ciki,
su ɗauke saifa, su ɗauke matsarmama,
har cibiya.
Na ce, cibiyar ma?
Ta ce, sankara ba ta san kunya ba.
Sannan su dafa magani, digiri arba'in da biyu,
su zuba, su yi ta jijjiga ki minti casa'in
ya shiga kowane lungu.
Abin da ya kuɓuce wa wuƙa, zafi ya cim masa.

Injin kofi ya haɗiye mini kwabbai uku.
Bastien ya bugo daga gida,
madarar yau ta ƙi kamawa,
wai nawa ne zafin da kike kai ta?
Na buɗe baki, na rufe.
Lambar tana can a gwiwar hannunki,
ciki suka shiga da ita.

Awa goma sha ɗaya.
Likita ta fito, shatin takunkumi a kumatunta.
"Mun kwashe duk abin da ido ya gani."
Ba ta ƙara ba, ban roƙa ba.
Cuku ma sai ya shekara a duhun rumbu
kafin a san abin da hannu ya yi.

Sun bar ni na shigo, minti biyar.
Robobi ko'ina, ban sami inda zan taɓa ba
sai gwiwar hannun nan.
Sanyi ƙalau.
Na rufe ta da tafukana biyu,
ina jira ki ce ya isa.