Wayata Tana Tafkin Kware

Kwana huɗu oga ya sa wa hannu,
bayan shekara uku ina ƙirga ƙwayoyin magani a bayan kanta.
Na ce Sakkwato. Aka bushe da dariya:
wa ke zuwa hutu cikin tanda a watan Afrilu?
Ni ne. Na sayi malafa a Talatar Mafara,
na sauka tasha da la'asar, riga ta manne da baya.

Altine ɗan kabu-kabu ya auna ni da ido.
"Baƙo, mi kaka biɗa, masauki ko kallo?"
Na ce duka biyun.
"Hau. Kallon ad da wuya, kwana ko'ina kwana na."

Ran farko majema.
Wari ya yi mini maraba tun kafin mutane,
fatun jar akuya a shanye, tsimin bagaruwa a kwatarniya.
Na ɗauki hoto arba'in, ban tambayi sunan kowa ba.
Wani baduku ya gwada wayata da tafin hannu,
ya ce in dawo jibi-jibi, zai ɗinka mata gida.
A Hubbare na tuɓe takalmi, ƙasa ta gasa mini sawu,
addu'ata gajera ce, hankalina na kan caji.

Ran biyu Kware.
Tsoho Hantsi na tuƙi, kwale-kwale na tsaga kainuwa,
ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi.
Na miƙe in same shi daidai.
Tsulum.
Ruwa ya yi zobe uku, ya rufe bakinsa.

Dubu casa'in. Ko adashin ban gama zubi ba.
Na tsaya da hannu a buɗe kamar mai roƙon ruwa.
Hantsi bai daina tuƙi ba.
"Zamna, yaro, kak ka bi ta.
Ta tahi inda babu zahi."

Na zauna ina huci.
Zalɓen da ya ja mini bai ko juyo ba,
sai can ya soki ruwa, ya ɗago da azurfa mai motsi,
ya haɗiye, na ga tafiyarta a dogon wuyansa.
Da ina riƙe da waya, da ina neman maɓalli.

Ran uku muka bi ta Wurno.
Albasa tsibi-tsibi a bakin hanya, ta fi ni tsawo,
iska kanta sai ta sa ka hawaye.
Mai furar gindin darbejiya sunanta Hajo,
na sani domin na tambaya,
ɗanta na karatun jinya, kullum kuɗin littafi.
A Goronyo ruwa ya kwanta har inda ido ya gaji.
Awa biyu ina kan dutse, aljihu shiru,
masunta na jan taru suna zagin juna da ƙauna,
Altine ya yi barci a inuwar babur ɗinsa.
Rabon da in ga rana ta faɗi tun daga farko har ƙarshe
tun ina aji uku.

Ran huɗu na koma wurin baduku.
Barmo sunansa, shekara talatin da basilla.
Ya miƙo gidan waya, ja, an zagaye shi da koren ɗinki.
Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya yi tari,
ya rage mini ɗari biyu, kuɗin ta'aziyya.

Yanzu ga shi nan a aljihun gaba.
A ciki akwai ƙwayar tafarnuwar Wurno
da lambar Altine a bayan takardar biredi.

Litinin a kanti suka taso: ina hotuna?
Na ce suna Kware, tarwaɗa na dubawa.
In kuna so ku gani, ku ja benci,
sai dai labarin zalɓen yana da ɗan tsawo,
ga kuma mai ciwon kai a bakin taga yana jira.