Kafin In Wuce Mando

Bayan Azahar na sauke ta a bakin ƙofa,
Hajiya Dudu, akwati biyu da kwalin kilishi.
Ta ce, "Sallau, Ikko fa yanzu ba nisa,
awa ɗaya da 'yan mintoci,
wake ma bai isa ya nuna ba."
Na ce Allah ya kiyaye hanya,
sai na tuna sama ba ta da kwalta.
Na rasa ta inda zan gyara addu'ar, na bar ta haka.

Na fake a inuwa ko zan samu mai komawa gari.
Yaron da ke auna kaya ya nuna min a wayarsa:
zare ɗaya, miƙaƙƙe, daga nan har bakin teku,
kilomita ɗari shida da ɗoriya.
Babu rami a jikinsa, babu shinge,
babu mai cewa fito da takardu.

Ni na san wannan nisan da ƙashin bayana.
Ina karen mota na bi shi a kan buhunan albasa,
Tegina, Mokwa, gadar Jebba,
kwana biyu, taya uku,
da zazzaɓin da na kwaso a hanya ban biya ko sisi ba.

Jirgin ya sheƙa kamar zakaran da aka kora,
ya ɗaga hanci, ya bar mana ƙara.
Na juyo ni kaɗai, kujerun baya suna hamma.

Gab da Mando tirela ta kwanta da taki.
Muka tsaya.
Mai rake ya wuce ni sau huɗu,
a na biyar ya daina tallata min.
Na kashe inji don mai ya yi tsada,
na ƙirga fitilun bayan da ke gabana har na ɓata lissafi.

Sai waya.
"Na sauka lafiya, ana ruwa a nan.
Kai fa, ka isa gida?"
Na dubi keken da tun ɗazu nake karanta bayansa,
an rubuta Komai Nisan Jifa, sauran ya goge.
Na ce, "Saura kaɗan, Hajiya."

Inna Tasalla tana Saminaka.
Tafiyar hantsi ce, in an fita da asuba.
Ba tikiti, ba awon kaya,
motar ma tawa ce.
Damina biyu ke nan ina cewa sai an sha ruwa,
sai an yi girbi, sai yara sun yi hutu.
Wace waya ce za ta zana min wannan zaren?
Da me ake auna shi?

An janye tirelar, na baya suna ta hon.
Na miƙa hannu ta taga na sayi lemo na ɗari biyar,
irin mai ɓawon nan da take so,
na ajiye a kujerar da Hajiya ta tashi.
Lemo ba ya jiran girbi.