Bayan Kati

Ranar da na fara aiki a Izmir, a ofishin Hulusi mai fataucin ɓaure,
ya miƙo mini akwatin katako mai warin taba da gishirin teku,
ya ce, "Nermin, arzikina kaf yana nan. Kada ki ajiye shi kusa da shayi."
Katuna ne, ɗari huɗu da 'yan kai,
kowanne da sunan mai saye da abin da ya saba ɗauka,
a bayansa kuma abin da ba a faɗa a gaban mutum:
wannan yana jan ƙafa wajen biya, amma bai taɓa cin amana ba,
wancan kada a kira shi sai ya sha gahawa.

Shekara goma sha ɗaya ina lasar yatsa ina juya su.

Sai ga kwamfuta, mai gurnani kamar tsohon firji.
Na kwashe sunayen na zuba mata layi-layi,
gidan suna, gidan lamba, gidan bashi.
Babu gidan gahawa.
Wannan a kaina na bar shi.

Da Ertan ya gaji kujerar ubansa, ya sayo manhaja mai jin magana.
Dare biyu muka yi muna ɗora mata sharaɗi:
in mai saye ya yi shiru kwana talatin, ki tuna masa muna nan;
in kaya sun bar bakin ruwa, ki sanar da shi;
in bashi ya kwana, ki fara da ladabi, sannan ki ɗan ɗaga murya.
Ta haddace. Ba ta mantuwa, ba ta zuwa biki, ba ta mura.
Aikin da ke cinye mini Litinin
takan gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa.
Ban ji haushi ba.
To, na ji, kaɗan.

Daga baya aka ɗauke ta daga ƙarƙashin teburina,
wai ta koma wani wurin da ba wanda ya taɓa gani,
ga ta kuma a aljihun kowa.
Ta koyi amsa tambaya da tsakar dare.
Bana har duba ta fara.
Ba ta leƙa gindin kofin gahawa irin na gwaggona,
shirun mutane take ƙirgawa,
ta ce wane zai tsaya, wane ya kama hanya.

Ran Laraba ta ɗiga ja a kan sunan Fabre na Marseille,
mai ɗaukar kwali sittin duk kaka.
Wata biyar bai buɗe wasiƙa ba, in ji ta, wasu sun janye shi.
Har ta tsara masa rangwame
da gaisuwa mai zaƙi cikin harshensa,
saura in danna.

Ban danna ba.
Na taka kujera, na sauko da akwatin daga kan kabad.
Katinsa ya yi rawaya, a baya ga rubutun Hulusi a karkace:
"Matarsa ke riƙe da lissafi. Odile. A fara tambayar lafiyarta."

Wayar ta daɗe tana ƙara.
Da ya ɗauka na ce, yaya Odile?
Sai numfashi kawai, da kukan tsuntsun teku irin namu.
Tun sanyin bara aka binne ta.
Ita kaɗai ta san kalmar sirrin akwatin wasiƙun.
Minti ashirin muka yi, ɓaure bai shigo bakinmu ba.

Ina ajiyewa, manhaja ta tambaye ni sakamako.
Zaɓi huɗu ta jera:
ya saya, zai saya, ya ƙi, ba a same shi ba.
Na daɗe ina kallon na ƙarshen.

A ƙasa akwai ɗan fili da ba wanda ke cikawa.
Nan na rubuta mata komai, har da zancen gahawa,
don an ce tana koyo, kuma kanta ya fi nawa ja.
Wata uku ya rage in ajiye aiki.
Katuna ɗari huɗu, in na juya biyar kullum,
zan kusa gama karanta mata bayansu.