Abin da Na Tsinta a Ƙarƙashin Kujera

Da hantsi aka jawo ta daga wajen Kwadon,
farar Sharon, gabanta ya koma ciki
kamar gwangwanin madarar da jaki ya taka.
Yarana suka kewaye ta, ba mai tari.
Shekara ashirin da uku ina miƙar da ƙarfe a Gombe,
mota kan ba ni labarinta tun kafin tambaya.

Mai janwe ya ce babu zanen birki a kwalta.
Ƙafa ba ta samu labari ba ke nan,
ido ya tafi wani gari
ya bar sitiyari da hanya.

Na san motar. Ta Hammayo ce.
Ni na ɗaura mata wannan bamba bayan ƙaramar salla,
har yau da sauran dubu biyu tsakaninmu.
Ranar Laraba ya zauna kan bencin nan
yana ɓare gyaɗa, yana tsine wa Lamela,
jami'in da ya tsare shi a Tumfure
ya yanka masa tara don ya kara waya a kunne.
"Motata, kunnena, katina!
Wace doka ce za ta shiga tsakanin mutum da bakinsa?"
Muka ce ƙwarai. Muka ce neman na cefane ne.
Ni na fi kowa dariya.

Yau na zura hannu ƙarƙashin kujera
neman ƙusar da ta riƙe ta,
sai na ji abu yana rawa a tafina
kamar ɗan tsako.
Fuskarta ta tsage gida bakwai,
amma suna na haske ta cikin tsagar: Dija.
Ta yi ƙara, ta gaji, ta sake.
Guduma ta fi kilo huɗu, ina ɗaga ta da hannu guda.
Wannan na kasa kai ta kunne,
na tsaya.

Da ta yi shiru sai rubutu ya fito,
wanda bai samu tafiya ba:
"Na kusa, ki ce wa yara su"
Su me, Hammayo?
Su jira? Su ci? Su buɗe ƙofa?
Na juya ta gaba, na juya ta baya.

Takardar tarar na nan cikin aljihun gaba,
a ninke, da maiƙon gyaɗa a gefenta
da sa hannun Lamela, karkatacce,
irin na wanda ya yini a rana.
Mutum bakwai ya ɗauko daga Biu.
An ce uku suna asibiti suna jinya.

Da magariba na hau babur zuwa Pantami.
Daidai shatale sai aljihuna ya ɗauki rawa,
hannun hagu ya saki kan babur da kansa,
ya san hanyarsa, ya saba.
Na mayar da shi.
Na gangara gefen mai rake, na kashe inji,
na sa ƙafa biyu a ƙasa, sannan na amsa.
Autata ce, Ummul.
"Baba, ka taho da burodi."
Shi ke nan saƙon, gaba ɗaya.