Nawa Suka Tuba?

Takardar kwamiti ta zo da gurbi uku:
nawa suka ci, nawa suka kwana, nawa suka tuba.
Na cika biyu.
Na ukun yana nan fari fat,
alƙalami a bakina tun da aka ɗauke wuta.

Daren Talata nake sauka Katako
bayan an ja ƙyauren rumfuna,
ni da Tabita, da kular dambu,
da jan magani da auduga.
Sai su fito daga ƙarƙashin tebura,
daga bayan tarin kwanon rufi,
ƙafa duk kaushi, aljihu cike da ƙusar tsintuwa.

Jibo ne kullum a gaba,
tsumman sholisho a hannun riga,
ido jajir.
"Fasto, yau da kifi?"
Ni ba fasto ba ne. Na gaji da gyara masa.

Na taɓa ce masa Allah uba ne.
Ya ɗaga riga, ya juya mini baya:
layi bisa layi, aikin wayar lantarki,
wani ya warke, wani ya kumbura ya zauna.
Ya ce, "Wannan ma uba ne."
Shekara goma sha ɗaya ina wa'azi da kalmar nan
ban taɓa ganin bayanta ba.
Daren nan tuwo ya ƙi wuce maƙogwarona.

Hamani mai shayi yana faɗi a gabana
wai ina sayen 'ya'yan mutane da shinkafa.
Dattawan majami'a suna faɗi a bayana
wai ina jawo ɓarayi ɗakin sujada.
Fanka dai ta ɓace, ban musa ba.
A Katakon na same ta, jika huɗu,
hannun wani da ya rantse daga Kwatano ta zo.

Akwai Zalika mai aski ƙwal da wandon maza,
wadda ke amsa sunan Sanda.
Tabita ta san dalili.
Ta faɗa mini rabi, ta riƙe rabi.

Lawali kuwa, na biya mota har Dogon Dutsi,
na durƙusa gaban kawunsa,
aka sha fura, aka yi alkawari.
Na kwana can don gajiya.
Ya riga ni isowa Yamai
a kan buhunan albasa.

Ina roƙo, ya Ubangiji, amma ban ɓoye maka ba:
wani daren addu'ata ba ta wuce rufin kwano.

Ran da ruwa ya cika Gunti Yena,
ƙarfe biyu aka buga mini ƙofa.
Hamani ne, jiƙe sharkaf,
Jibo a kafaɗarsa, jiki kamar garwashi.
Bai yi sallama ba. Ya ce, "Hau moto."
Mu uku, yaron a tsakiya,
kansa yana dukan bayana a kowane rami.

A likita mai rubutu ta ce, "Sunan uba?"
Jibo ya rufe ido.
Na dubi Hamani, Hamani ya dubi ƙasa.
Ta bar gurbin yadda yake, ta wuce gaba.
Kuɗin magani muka raba,
shi da cinikin shayinsa, ni da kuɗin hayana.
Muka zauna kan benci ɗaya har asuba.
Ya tashi ya yi sallarsa,
na sunkuyar da kai na yi tawa addu'ar.

Kwana huɗu yaron ya yi a ɗakina.
Ya ci, ya yi wanka, ya yi dariya sau ɗaya.
Na biyar, babu shi, babu takalmina.

Shekaranjiya na hango shi bakin Wadata
yana jan amalanke, takalmin ya fi ƙafarsa.
Ya ɗaga mini hannu.
Ban san a wane gurbi ake rubuta wannan ba.

Wuta ta dawo. Takarda na nan.
Tabita tana tsinke zogale a tsakar gida,
tana cewa gobe Talata,
in na bi ta bakin gada
in sayo kifi.